Hannun da Ya Riƙe Ni a Bakin Rami

Duk wanda ya taɓa bi ta Challawa ko Sharaɗa ko Bompai a Kano da tsakar rana, musamman a bazara, ya san warin masana'antun jima. Baƙo yakan toshe hanci ya ƙara sauri. Mu da muke aiki a ciki kuwa tuni mun daina jin sa, har mukan zauna a inuwar bango mu ci abincin rana yana kaɗawa. Idan sabon lebura ya yi ƙorafi, sai tsofaffin hannu su ce masa, "Warin kuɗi ne, za ka saba." Yakan kuwa saba. Abin da babu mai gaya masa, domin su ma ba su sani ba, shi ne a cikin warin nan akwai wanda idan ya yi ƙarfi, hanci yake fara kashewa, sannan ya kashe mai hancin.

Jima ba baƙuwar sana'a ba ce a wurinmu. Fatar jar akuya da aka jeme a Kano da Sakkwato ta daɗe tana ratsa Sahara tun kafin zuwan Turawa. Sai dai majemin gargajiya ya san kayan aikinsa sanin gado. Ya san bagaruwa, ya san toka, ya san abin da kowanne yake yi wa fata da abin da yake yi wa hannu, domin ubansa ya nuna masa. Jimar kamfani daban ce. Kayanta a buhuna da jarkoki suke zuwa daga ƙasashen waje, da rubutun da mai ɗaukarsu a ka bai iya karantawa ba, kuma babu wanda ya gaji saninsu a gida.

Na yi shekaru ina riƙe da sito a ɗaya daga cikin kamfanonin nan. Ta hannuna komai yake fita. Akwai sodiyam salfayid, ɓawo-ɓawo ruwan ɗorawa, wanda ake haɗawa da laim a zuba wa fata domin gashi ya zube. Akwai gishiri da asid, da ake jiƙa fatar a ciki daga baya kafin a kai ta ga kurom. Akwai shi kansa garin kurom ɗin, kore, wanda yake mayar da fata shuɗiya. Kowane mataki da ruwansa, idan an gama a buɗe ganga, ruwan ya bi kwata ya tafi wani babban rami a bayan kamfani, inda laka take kwanciya kafin a saki sauran. Na san farashin kowane buhu da nauyinsa. Ko daga barci aka tashe ni zan faɗi abin da ya rage a sito. Amma babu wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce mini ruwan salfayid da ruwan asid kada a kuskura a bari su haɗu.

Ranar da abin ya faru ana zafi ƙwarai, irin na dab da faɗuwar damina, ko ganye ba ya motsi. Injin da ke jan ruwa daga ramin ya toshe, kamar yadda ya saba, domin gashi da guntayen nama sukan cushe bakin bututun. Aka kira wani yaro lebura, ɗan ci-rani, irin waɗanda ake sallama kullum da yamma, aka ce ya sauka ya zaro abin da ya toshe. Aiki ne da ake yi a kai a kai, shi ma ya sha yi. Ya ɗaura ƙyalle a hanci, ya bi tsani ya sauka, laka ta kai masa gwiwa. A daidai lokacin, can cikin kamfani, wani ma'aikaci da bai san akwai mutum a rami ba ya buɗe gangar ruwan asid ya sake shi a kwata.

Waɗanda ke tsaye a sama sun ce yaron bai yi ihu ba. Ya sunkuya, ya ɗago kamar zai yi magana, sai ya kife. Wanda ya fara bin sa abokina ne, ɗan garinmu, shi ya samo mini aikin, kuma ɗaki ɗaya muka zauna kafin kowa ya yi aure. Ƙaƙƙarfa ne, kuma mutum ne da ba ya iya ganin wani cikin wahala ya kau da kai. Ihun mutane ne ya fito da ni daga sito. Ina isowa na leƙa, na gan shi ya kai ƙasan tsani ya kamo hannun yaron, sai ƙafafunsa suka saki, ya zube a kansa.

Ban tsaya tunani ba. Na yar da takalmi na ɗora ƙafa a kan tsani. Sai na ji an cafko wuyan rigata ta baya, an fizgo ni, na faɗi rigingine. Fomanmu ne, wani dattijo siriri da kowa ke kira Baba, wanda ban taɓa zaton yana da ƙarfin ɗaga ni ba. Ya danne ni da gwiwa ya ce, "Ba za ka shiga ba, yaro. Wallahi ba za ka shiga ba." Na ce, "Baba, sake ni, ɗan'uwana ne!" Ya ce, "Na sani. In ka shiga, uku za mu fitar." Sannan ya ɗaga murya ya ce kowa ya ja da baya, a je a rufe duk gangar da ke buɗe, a kawo igiya da dogon ƙarfe mai ƙugiya. Na faɗa masa maganganun da ɗa ba ya faɗa wa sa'an ubansa. Bai tanka ba, bai kuma sake ni ba.

Igiya babu, sai da aka kwanto ta wata motar ɗaukar fata. Tukunyar iskar shaƙa, irin wadda ake goyawa a baya, ko ɗaya babu a duk kamfanin. Wanda aka ce ya kira 'yan kwana-kwana bai san lambarsu ba, sai babur ya hau. Da ƙugiya aka saƙalo rigar abokina aka jawo shi, ya fito da sauran numfashi. Yaron kuwa sai da 'yan kwana-kwana suka iso da kayansu suka fito da shi, rai ya riga ya yi halinsa.

Muka sa abokina a bayan a-kori-kura. A hanya wani daga cikinmu, da kyakkyawar niyya, ya sa aka tsaya ya sayo madarar gwangwani ya ɗura masa a baki, domin duk mun taso da jin cewa madara da manja suna karya guba. Wanda ba ya cikin hayyacinsa kuwa ba ya iya haɗiya, huhu abin yake tafiya. A asibiti likita ya fito da sauri ya tambaye mu, "Me ya shaƙa?" Muka dubi juna. Wani ya ce wari, wani ya ce gas, wani ya ce kemikal. Ya ce, "Wane kemikal? Sunansa nake so." Duk suka juyo gare ni, tunda ni ne mai sito. Na lissafa masa duk abin da ke hannuna, amma abin da ya kayar da su babu shi a sito. Ba a sayo shi ba, ba shi da buhu, a cikin kwata ya haɗu. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu. Bai farfaɗo ba har Allah ya karɓi abinsa.

Mu muka kai shi gida. Da na shiga gaida mahaifiyarsa, ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, an ce kana wurin." Na ce, "Ina wurin, Inna." Ba ta ƙara komai ba sai addu'a, har ta sa mini albarka. Amma tambayar da ba ta yi ba ita na ɗauko na dawo da ita Kano: kana wurin, to me ka yi? Shi ya shiga saboda yaron da ko sunan garinsu bai sani ba, ni kuwa ina kwance a ƙasa tsoho ya danne ni. Wannan shi ne abin da ban iya faɗa wa kowa ba a lokacin, har matata. Na daɗe ina kallon kaina a matsayin matsoracin da aka samar wa uzuri. Da nauyin ya yi mini yawa, sai na ɗora wa Baba rabi. Gaisuwa ta koma sama-sama. Idan ya zo karɓar kaya, in miƙa masa takarda ina duban wani wuri.

Shi ya zo ya same ni wata rana bayan la'asar, ya zauna a kan buhun gishiri. Ya ce, "Yaro, na san abin da ke ranka, kuma ban zo ba ka haƙuri ba. Ko gobe aka sake, haka zan yi." Sai ya ba ni labarin ƙauyensu. Yana saurayi aka shiga yasar wata tsohuwar rijiya, mai yasa ya faɗi a ƙasa, ƙanensa ya bi shi, sannan wan Baba, uwa ɗaya uba ɗaya, ya bi su. Mutum uku aka yi wa salla da yamma. Ya ce, "Ni ban yi boko ba, ban san sunan abin ba. Amma na san ramin da ya kayar da mutum bai yi ihu ba, zai kayar da duk wanda ya bi shi. Bai san jarumi ba."

Ba a ranar na huce ba. Sai daga baya, lokacin da masu sayen fatunmu daga Turai suka matsa sai an horar da ma'aikata, aka kawo wani jami'in lafiyar ma'aikata ya yi mana bita. A nan na ji bayanin abin da Baba ya sani ta hanyar makoki.

Haidurojin salfayid ake ce mata, iska ce marar launi. Muddin ruwan salfayid yana tare da laim ɗinsa, tana nan a ɗaure a cikin ruwa. Da asid ya taɓa shi sai ta kuɓuce ta tashi. Lakar da ta daɗe tana ruɓa a ƙasan rami ita ma tana tara ta, da an motsa lakar sai ta fito. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka kwanciya take yi a ramuka da kwatoci da tankuna. Idan 'yar kaɗan ce, ko da ba ta kai kashi ɗaya cikin miliyan na iskar wurin ba, hanci yana jin ta, warin ruɓaɓɓen ƙwai. Idan ta kai wajen kashi 100 cikin miliyan, cikin 'yan mintuna take kashe jin wari, mutum ya ce alhamdu lillahi warin ya tafi, alhali a lokacin ne ya kamata ya gudu. Idan ta kai 700 zuwa 1,000, shaƙa ɗaya ko biyu ta isa ta kayar da ƙato, domin tana hana ƙwayoyin jiki amfani da iskar oksijin, ta tsayar da numfashi daga ƙwaƙwalwa. Shi ya sa yaron bai yi ihu ba. Shi ya sa ƙarfin abokina bai amfane shi da komai ba.

Mai bitar ya tambaye mu ko akwai mai zoben azurfa. Da yawa muka ɗaga hannu. Ya ce mu duba, duk sun yi baƙi. Mun ɗauka gumi ne, ya ce iskar ce. Ya tambaya ko akwai wanda idonsa ke ja yana ƙaiƙayi bayan aikin dare, ya riƙa ganin kamar da'ira ta kewaye ƙwan lantarki. Kusan kowa. Alamun suna jikinmu shekara da shekaru, mai karanta mana su ne babu. Sannan ya faɗi abin da ya tsaya mini a maƙogwaro: a 1986 hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta fitar da gargaɗi cewa fiye da kashi 60 cikin 100 na masu mutuwa a irin waɗannan wurare masu ƙunci, waɗanda suka shiga ceto ne. Na waiga na dubi Baba a can baya, bai ko ɗago ba. Da aka tashi na je na durƙusa na nemi gafararsa. Ya ce, "Ba ka yi mini komai ba. Da ba ka yi fushi ba, da na ce ba ka ƙaunarsa."

Ina so a fahimce ni a nan, domin wannan shi ne abin da ya fi ɗaukar mini lokaci kafin in gane. Abokina bai yi wauta ba. Tarbiyyar da ta sa ya bi yaron ita ce tarbiyyar da muke so 'ya'yanmu su tashi da ita, kuma ba zan yarda wani ya zauna a ofis mai sanyi ya kira shi jahili ba. An bar shi ne da zaɓi biyu kacal: ya tsaya yana kallon mutum yana mutuwa, ko ya bi shi. Mutumin kirki a irin wannan hali bin sa zai yi. Alhakin yana kan wanda ya bar shi da zaɓi biyun nan, wanda bai tanadi na uku ba. Na ukun kuwa ba a ranar hatsari ake nemo shi ba. Tun watanni kafin ranar ake sayen sa, a ajiye shi kusa, a koya wa mutane amfani da shi har hannunsu ya saba.

Kuma ba abu ne da ya fi ƙarfin kamfani ba. Abin da aka yi a wurinmu daga baya, da matsin masu saye da nacin Baba, bai kai kuɗin dizal ɗin janareta na ɗan lokaci ba. Aka raba kwatar salfayid da ta asid, kowacce da hanyarta. Aka daina tura mutum rami da baki, sai da takardar izini, kuma kafin ya sauka a kulle bakin duk gangar da ke zuba a ramin da kwaɗo, mabuɗin ya shiga aljihun wanda zai sauka. A hura iska a ramin da fanka, a zura 'yar na'urar auna iska mai ƙara, a ga me ta ce a sama da tsakiya da ƙasa. Mai sauka ya sa ɗamara da igiya a ɗaure da na'urar jawo mutum, yadda in ya faɗi za a ɗago shi ba tare da kowa ya taka tsani ba. A sama kuma a tsayar da mutum guda wanda aikinsa kenan, ba a aikensa sayen ruwa, kuma an gaya masa tun farko cewa ko me ya gani ba zai shiga ba. Wannan na ƙarshe shi ya fi wuya. Sai da aka riƙa gwaji da buhun yashi a madadin mutum, ana maimaitawa, kafin ma'aikata su yarda cewa daga sama ma ana ceto, kuma ya fi sauri.

Akwai abubuwa biyu da mutanenmu suke dogara da su waɗanda ya kamata a bari. Na farko ƙyalle a hanci, ko takunkumin ƙura. Ƙura yake tarewa, iskar nan wucewa take yi kamar babu shi. Na biyu dabarar masu yasar rijiya ta zura fitila a ga ko za ta mutu. Dabara ce mai hikima a wurinta, tana nuna inda iskar shaƙa ta yi ƙaranci. Amma haidurojin salfayid tana kashe mutum a inda fitila ke ci lafiya lau, idan kuma ta taru da yawa ita kanta wuta take kamawa.

A bitar nan na fara jin labarin Bhopal, daga baya na bi shi na karanta. A daren 2 ga Disamba 1984, wayewar 3 ga wata, ruwa ya shiga wani tanki a masana'antar maganin ƙwari ta Union Carbide a birnin Bhopal na Indiya. Kimanin tan 40 na iska mai guba, metil aisosayanet, ya fita ya kwanta a kan unguwannin talakawa da ke kewaye, mutane suna barci. Fiye da mutum 500,000 suka shaƙa. Gwamnatin jihar Madhya Pradesh ta tabbatar da mutuwar 3,787, masu bincike da dama kuma suna cewa adadin ya zarce haka nesa ba kusa ba. Abin da ya fi taɓa ni shi ne kayan kariya akwai su a wurin. Na'urar sanyaya tankin an kashe ta. Hasumiyar ƙona iskar ba ta aiki, ana gyara. Jiniyar gargaɗin jama'a an kunna ta aka kashe bayan ɗan lokaci. Likitocin da jama'a suka cika wa asibiti a daren nan ba a ba su cikakken bayanin abin da mutane suka shaƙa ba, tambayar da aka yi mana a ƙofar asibiti ita suka riƙa yi. Ita waccan iskar kuwa jiƙaƙƙen tsumma a fuska yana rage cutarta, amma babu wanda ya taɓa gaya wa maƙwabta. Tsumman da bai amfani yaronmu ba, a can da ya ceci mutane. Kowane sinadari da halinsa, shi ya sa sanin sunansa ba ƙawa ba ne.

Kada a ce labarin nesa ne. A watan Yulin 2015 tukunyar iskar kulorin ta fashe a matatar ruwa ta Lamingo a Jos, mutum 8 suka rasu, kimanin 100 aka kai asibiti, cikinsu har da mazauna kewayen wurin. A Kano ma gidaje sun matso har jikin katangar masana'antu. Wa ya taɓa tara mutanen unguwa ya gaya musu abin da ke ajiye a bayan katangar, da inda za su nufa idan ya fita? Mu a wurinmu sanda muka kafa a kan rufi da jan ƙyalle, domin mai gudu ya ga inda iska ke kaɗawa, ya ratsa ta gefe ya koma ɓangaren da take fitowa, ya nemi tudu. Wanda ya gudu ya bi iska, tare da gubar yake tafiya.

Sito ya koya mini wani abu kuma, cewa guba tana bin ma'aikaci gida. Durom da jarkar da aka juye kayansu ana sayar da su a bakin ƙofa, gobe ka gan su a tsakar gidan wani cike da ruwan sha. Kayan aiki kuma a ƙudundune su a kai wa uwargida ta wanke tare da na yara. Duk wanda ya tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma saboda ana niƙa dutsen zinare a cikin gidaje, ya san ƙarshen wannan hanya. Da na fara huda jarkoki kafin su fita, na sha baƙin jini, domin kuɗin cefanen wasu ne nake hudawa, kuma na san albashinsu. Ba na ganin laifinsu. Amma har na bar aikin ban daina ba.

Amfanin shiri na gan shi da idona. Wani matashi ruwan laim ya fantsamar masa a ido. A da, da gefen riga za a goge masa, a aika kemis a sayo maganin ɗigawa. Ranar abokan aikinsa biyu suka ja shi zuwa famfon da aka kafa taku kaɗan daga gangar, ɗaya ya buɗe masa fatar ido da yatsu yana ihu yana fizge-fizge, ɗaya yana duban agogo. An koya mana minti 15 shi ne mafi ƙaranci, laim da danginsa kuwa sun fi asid naci, suna ci gaba da cin ido a hankali, don haka a ƙara lokaci. Suka tuɓe masa rigar da ta jiƙe, wani ya ɗauki hoton buhun da waya, aka tafi da shi asibiti da takardar bayanin sinadarin a hannu. Idonsa yana nan yana gani. Ita takardar, kowane sinadari da ake sayarwa bisa ƙa'ida yana zuwa da ita, sashe 16 gare ta, na 4 shi ne na taimakon gaggawa. A da a kulle take a ofis da Turanci. Muka fitar da abin da ya fi muhimmanci muka rubuta da Hausa, boko da ajami, muka manna a bango kusa da inda ake aikin: kada a ba wanda ya suma komai ta baki, kada a sa wanda ya haɗiyi asid ko soda amai, a kwantar da mai numfashi ta gefe, wanda numfashinsa ya tsaya a fara danna ƙirjinsa sau 100 zuwa 120 a minti har taimako ya iso.

Ranar makokin, maganar da ta fi yawo ita ce ƙaddara ce. Na yi imani da ƙaddara, na kuma san babu mai wuce ranarsa. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa tawakkali ba ya hana riƙo da sababi, kuma duk wanda aka ba amanar rayukan mutane za a tambaye shi. Uwa in ta ce ƙaddara ce, haƙuri take nema wa zuciyarta, kuma Allah ya ba ta. Wanda ya kamata ya sayi igiya bai saya ba, in ya riga kowa faɗa, ƙofar bincike yake rufewa.

Yaron ɗan ci-rani, ƙanen babansa ne ya zo. Aka ba shi ambulan da kuɗin mota, ya yi godiya ya tafi. Bai san yana da hakki ba, mu ma da muka raka shi tasha ba mu sani ba. Dokar Masana'antu ta 1987 ta yi tanadi a kan wuraren da mugun hayaƙi ke iya taruwa, ta kuma wajabta kai rahoton hatsarin da ya jawo asarar rai. A yau kuma akwai Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta ɗora wa mai kamfani zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun da hukumar NSITF ke kula da shi, kuma ta haɗa har da ma'aikacin wucin gadi. Su waɗannan 'yan wucin gadin su ake turawa aikin da ya fi haɗari, su ne kuma ba a gayyata bita, domin sunansu ba ya cikin littafi. Duk horon da bai kai ga lebura ba, bai kai bakin rami ba.

Abin kuma bai tsaya a majema ba. Masu kwashe masai da sokawe, masu wanke tankin mota, masu yasar rijiya, masu aiki a matatar ruwa da kamfanin taki da na sabulu, duk hanya ɗaya suke bi. Sau nawa muka ji a rediyo an ce mutum ya faɗa masai, ɗan'uwansa ya bi shi, an fito da gawa biyu?

Mai karatu, idan kana da ɗa ko ƙane, ko ke kina da miji, da yake irin wannan aiki, a tambaye shi yau da daddare sunan abin da yake taɓawa, da inda famfo mafi kusa yake, da wanda ke tsaya masa a sama idan ya sauka rami. In bai sani ba, gobe da safe ya tambayi fomansa kafin ya sa hannu a aiki. A sa masa lambar gaggawa ta 112 a waya, da ta 'yan kwana-kwanan garinku. Idan kuma wata rana ka ga mutum ya faɗi a rami bai yi ihu ba, kada ka shiga. Ka kira taimako, ka nemi igiya, ka kuma riƙe wanda zai shiga, ko da zai zage ka.